Attajirin da Ya Saya wa Ɗansa Lamba Tara

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sayar da tayoyin mota. Allah ya buɗa masa. Daga 'yar rumfa a bakin titi ya kai ga babban shago da sito a bayansa, manyan motoci na sauke masa kaya. Da ya tsaya nan ya gode wa Allah, da yau ba mu zauna muna ba da labarinsa ba. Amma akwai mutumin da dukiya ba ta isarsa sai an haɗa masa da tafi. Abin da ke cin ransa shi ne, duk arzikin nan, in ya wuce "Mai Taya" ake ce masa.

A garin akwai wani ƙaramin kulob na ƙwallon ƙafa, can a ƙaramin rukuni inda ba mai ɗauka a talabijin. Filinsa katangar bulo ce ta kewaye shi, da rumfar kwano mai yoyo, da ɗakin canza kaya mai famfo ɗaya. Wasu dattawa ne ke riƙe da shi tun suna samari, babbansu wani tsohon tela. Ba hukuncin ƙwallo muka zo yi yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne, akwai samari da wannan wasan ne abincinsu. Wasu da aure, wani shi ke riƙe da mahaifiyarsa.

Kulob ya shiga matsi. Ga kuɗin mota zuwa wasannin waje, ga rajista, ga albashi. Dattawa sun tsufa, aljihunsu ya gaji. Sai Mai Taya ya ji labari, ya je shagon tela da sabuwar motarsa, ya ce ya zo ceto.

Tsohon ya ajiye almakashi ya ce, "Ɗana, ba ma neman ko sisi a hannunka. Abu biyu kawai muke roƙo. Ka biya yaran nan haƙƙinsu a kan lokaci, kuma kada ka taɓa filin."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, wallahi muddin ina numfashi ba yaron da zai kwana da yunwa. Fili kuwa amana ne."

Ya rantse da Allah a gaban shaidu. Suka miƙa masa kulob da takardun fili, suna sa masa albarka.

Me kuke tsammani ya fara yi? Ya gyara rufin da ke yoyo? A'a. Hotonsa ya kafa a bakin ƙofa, wanda ya fi ƙofar girma. Ya goge sunan kulob ya sa na shagonsa. Ya sa aka kawo masa kujera mai laushi aka girke a tsakiyar rumfa, ya ce daga yau Ciyaman za a riƙa kiransa. Har 'yan kore ya ɗauka, yana ba su na kashewa, aikinsu kawai su kira sunansa in ya shigo.

Amma ainihin abin da ke zuciyarsa bai fito ba sai da aka fara gasa.

Yana da ɗa namiji babba, saurayi mai kunya, wanda ba abin da yake so irin ya zauna ya buɗe waya ko rediyo ya gyara. Yana taɓa ƙwallo da yamma kamar kowane saurayi, ba fiye da haka ba. Uban kuwa ya ji irin kuɗin da ake biyan 'yan wasa a ƙasashen waje, ya kwanta ya tashi ya yanke cewa ɗansa ne na gaba. Bai tambayi yaron ba. Irin waɗannan ba sa tambaya.

Ya kira koci, wato mai horar da 'yan wasan, ya ce a ba ɗansa riga mai lamba tara, ya riƙa buga gaba. Mai wannan rigar wani yaro ne da 'yan kallo ke kira Walƙiya saboda gudunsa, kuma ƙwallayen da yake ci su ke riƙe da kulob ɗin.

Koci ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanka yana da ladabi, amma bai kai ba. In na sa shi, shi zan fara cuta."

Ya ce, "Wa ke biyanka a nan?"

Koci ya ce, "Ai tun da ka zo, ranka ya daɗe, ban ga wanda ya biya ni ba."

A ranar ya kore shi. Ya kawo wani da bai san wata kalma ba sai "to". Aka zaunar da Walƙiya a benci, aka tura ɗan Ciyaman cikin fili.

Ku dubi wannan wulaƙanci da uba ya saya wa ɗansa da kuɗinsa. A ba yaro ƙwallo, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ya tsaya shi da raga, ya buga ta tsallake katanga. 'Yan kallo suka raɗa masa suna Faci. Yara na binsa da sunan har ƙofar gida. Ya samu uban a falo ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka cire ni. Ban iya ba, kowa ya sani." Mahaifiyarsa ma ta sa baki. Uban ya ce hassada ce ke damun mutane, kuma shi bai haifi rago ba.

Ana cikin haka ya gano abin da dattawa suka daɗe da sani, cewa ƙaramin kulob ci yake yi, ba ya kawowa. Ga shi ana ta shan kashi, 'yan kallo sun ja baya. To ina zai rage kashe kuɗi? Ba a wajen 'yan kore ba. Ba a wajen mota ba. A bakin yaran mutane ya rage. Wata ya ƙare, ya ce kaya na kan hanya. Wani ya ƙare, ya ce banki ne ya riƙe shi. Daga baya ma ya daina ba da dalili. Saurayi ya yi gudu cikin rana da cikin da ba komai, ya koma gida mai haya na jiransa a ƙofa, shi kuwa Ciyaman yana kan kujera mai laushi ana yi masa fifita.

Wata rana a wasan waje ɗansa ya gaji, dole aka sa Walƙiya. Bai daɗe da shiga ba aka taka shi, ƙafa ta karye. Kyaftin ɗin ƙungiyar, wanda shi ne mai tsaron raga, ya zo shago ya tsaya tsakanin tulin tayoyi ya ce asibiti sun ce sai an yi aiki.

Ciyaman ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Ni na ce ya miƙa ƙafarsa? Shago nake da shi, ba asibiti ba."

Ya 'yan uwa, ko dabbar aiki ce ta karye a hannunka ai ka nema mata magani. 'Yan wasan da ba a biya ba su suka harhaɗa abin da ke hannunsu, bai isa aikin ba. Aka ɗaure ƙafar yadda ta samu. Ta haɗe a karkace. Yaron da ake kira Walƙiya ya koma tafiya da sanda.

Daga nan sai wani ɗan damfara ya shinshino Ciyaman, mai kwat da ƙamshin turare, ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, ya ga ɗansa, wallahi irinsa ake nema a waje, sai dai hanya tana cin kuɗi. Wanda ya ƙi gaskiya a bakin koci kyauta, ga shi zai sayi ƙarya da tsada. Kuɗi ba sa hannu, sai ya tafi wurin wani mai manyan motocin dakon kaya, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan filin nan. Ya ci bashi da ruwa. Ya jinginar da shagonsa, ya jinginar da filin da ya rantse ba zai taɓa ba. Dillali ya karɓi kuɗi, wayarsa ta daina shiga.

Lokacin biya ya matso. Dabara ɗaya ta rage masa, ya sayar da kulob. Ya samu wani ɗan kasuwa da ya ce zai saya ya biya bashin, amma da sharaɗin kulob bai faɗa rukunin da ke ƙasa da nasa ba. Saura wasa ɗaya a gida. In sun ci, sun tsira.

Ran wasan fili ya cika, don mutanen gari ba sa son ganin mutuwar kulob ɗinsu. Ciyaman ya sha babbar shiga, ya zaunar da mai saye kusa da shi. Baƙi suka fito. Alƙalin wasa ya fito. 'Yan gida shiru. Alƙali ya duba agogo, ya aika a kira su. Shiru. Mai saye ya juyo ya dube shi. Ciyaman ya yi murmushin yaƙe ya ce addu'a suke yi, ya tashi ya nufi ɗakin canza kaya.

Ya same su zaune a kan benci, kowa da rigarsa, ba wanda ya ɗaure takalmi. Kyaftin ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ba rashin kunya muka zo yi ba. Ka ba mu haƙƙinmu, ko rabi ne, ka ɗauki nauyin ƙafar ɗan uwanmu, yanzu mu fita."

Ko a wannan lokacin Allah bai rufe masa ƙofa ba. Da ya sunkuyar da kai ya ce na zalunce ku, ku yafe mini, ga makullin motata ku riƙe, da yaran nan sun fita, don sun fi shi son kulob ɗin. Amma girman kai ya riƙe masa wuya. Ya zage su, ya zagi iyayensu. Ya ce shi ya tsamo su daga bola. Ya ce zai sa a kulle su. Ba wanda ya motsa.

Sai ya hango ɗansa a ƙarshen benci. Ya ce, "Kai, tashi ka wuce gaba. In sun ga ka fita za su biyo ka."

Yaron ya tashi. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Duk abin da ka sa ni na yi, har na zama abin dariya a garin nan, ban taɓa ce maka a'a ba. Amma na je na ga ƙafar yaron nan. Rigarsa ce a jikina. Ni ma ba zan fita ba."

Ya cire rigar ya ninke ya ajiye a kan benci. Uban ya ɗauke shi da mari a gaban kowa. Yaron bai ɗaga ido ba, bai kuma ɗauki rigar ba.

Suna nan suka ji usur. Alƙali ya gaji da jira, ya ba baƙi wasa. Da Ciyaman ya fito, kujerar mai saye wayam. 'Yan korensa ma sun sulale. Sai da 'yan sanda suka fitar da shi ta ƙofar baya, ana jifan motarsa da robobin ruwa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Hukumar gasa ta bincika, ta kori kulob ɗin gaba ɗaya. Mai motocin dako ya zo da lauyansa ya karɓe fili, ya sa aka yanke turakun raga, aka zuba tsakuwa, ya zama wurin ajiye motoci. Ya karɓe shago. 'Yan wasa suka kai ƙara, kotu ta sa aka yi gwanjon gidan Ciyaman. Matarsa ta koma wurin danginta. Yau yana wani ɗaki a bayan gidan ƙaninsa, kusa da inda ake shanya.

Kuna tsammani ya yi nadama? Ku je ku zauna da shi. Zai ce muku alƙalan wasa ne suka ci amanarsa. Zai ce mutanen gari butulai ne. Ɗan nan nasa ya koma wani gari yana gyaran waya, duk wata sai ya aiko masa da na abinci, ya kuma aika wa wanda ya karye. Uban ya karɓa, ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, sannan ya ce wannan yaron shi ya kashe shi. Har yau bakinsa bai iya furta "na yi kuskure" ba. Rasa shago ba ita ce halakarsa ba, ya 'yan uwa. Wannan ita ce.

To kada wani ya ce ni ba ni da kulob, labarin bai shafe ni ba. Kana da mai gadi? Kana da direba, ko mai yi maka wanki, ko leburan da ya ɗora maka bulo? Ka biya shi? Ko kai ma kayanka na kan hanya? Gumin ma'aikaci ba ya bushewa a wurin Allah, ko da ya bushe a jikinsa. Wanda ya rantse da sunan Allah don a miƙa masa amana, ya sani da Wanda ya rantse da Shi zai haɗu. Wanda ya ɗora wa ɗansa abin da ba zai iya ba don a yaba wa uba, ba son ɗan yake yi ba, kansa yake so. Kuma duk wanda ya kori mai gaya masa gaskiya, maƙaryaci na nan tafe, zai kuma biya shi da hannunsa.

Wanda ke riƙe da haƙƙin wani, kada ya jira gobe. Ya tashi daga nan ya je ya biya, tun yana da abin biya, tun ana karɓar kuɗi, kafin ranar da ba a karɓar komai sai lada.

Ya Allah, kada ka bar mu da son a gani. Kada ka sa mu ci gumin wani. In mun yi kuskure, ka ba mu ikon faɗa da bakinmu tun muna da rai. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga son zuciyarmu. Amin.