Lambar da Mai Makaranta Ya Rufe da Takarda

Akwai wani mutum mai makarantar sakandare tasa ta kansa. Yana da ƙoƙari, ba a raina masa, amma idan ya ce a'a to a'a ce.

A ofishinsa akwai kwamfutar da ke ɗauke da sunayen ɗalibai da hotunansu. A cikinta akwai wata ƙaramar manhaja, aikinta ɗaya: ta kwashi sunayen 'yan ajin ƙarshe ta miƙa wa hukumar jarrabawa a yi musu rajista. Ƙanwarsa, autar gidansu, wadda ta karanci kwamfuta, ita ta saka masa. Shi kuwa Injiniya yake ce mata, rabi yabo rabi tsokana.

Wata rana ta leƙo ofishin, ta ga wani jan rubutu a gefen allon.

Ta ce, "Yaya, tun yaushe wannan yake fitowa?"

Ya ce, "Ya daɗe. Ina danna 'anjima' sai ya tafi."

Ta ja kujera ta nuna masa lambar manhajar, 2.8.1. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma bayanin da ta yi masa ko ni na gane.

Ta ce, "Ka ɗauka rigar makaranta ce. Idan lambar ƙarshe ta canza, maɓalli aka ɗinke. Idan ta tsakiya ce, aljihu aka ƙara. Amma idan ta farko ta tashi daga biyu zuwa uku, sabuwar riga aka yanka. Masu manhajar sun fitar da ta uku, kuma sun ce daga ƙarshen zangon nan sun cire hannunsu daga ta biyu. In ta lalace ba mai gyara maka."

Ya ce, "Ta lalace ne yanzu?"

"Ba ta lalace ba."

"To abin da ke aiki me zai sa in taɓa shi? Ku 'yan kwamfuta ba kwa son ganin abu ya zauna lafiya."

Ta ce, "Ka ba ni lokacin hutu in sauya. Sai an sake gyara hotunan yara ɗaya bayan ɗaya, ba aikin gaggawa ba ne."

Ya yi dariya ya ce, "Injiniya ke nan! Ina goya ki kina yi mini fitsari a baya, yau ke ce za ki koya mini tafiyar da ofis?"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Da jan rubutun ya ishe shi, sai ya yanki takarda ya manna a kai da salatif, ya rufe har da lambar. Hutu ya zo ya wuce.

A ajin ƙarshen shekarar akwai 'yarsa ta fari, wadda yake kira Mamana. Yarinyar nas take son zama, kullum tana kan littafi.

Ya bar rajista sai ranar da za a rufe, kamar yadda ya saba, don ya san dannawa ɗaya ce. Da safe ya danna, sunaye suka ƙi tafiya. Ya kashe ya kunna, shiru. Ya buga wa kamfanin manhajar.

Wanda ya ɗauka ya ce, "Wace lamba kake da ita, Malam?"

Ya ɗaga gefen takardar ya karanto.

"Ai mun daina kula da ta biyu. Hukumar ta canza tsarinta, ta uku kaɗai ke shiga. Mun yi ta sanarwa a kan allonku."

Ya kira Auta. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta dai ce, "Ga ni nan zuwa, a haɗa mini hotunan."

Kafin ta gama saka ta uku rana ta yi tsaka. Labari ya riga ya fita, iyaye sun cika baranda. Wata uwa ta riƙe ƙofa tana cewa, "Malam, ɗana ya taɓa maimaita aji. In ya rasa wannan ba zai dawo makaranta ba, na san halinsa."

Auta tana gyara hoto tana turawa, malamai biyu suna karanto mata sunaye. Ta dubi agogo, ta rage murya ta ce, "Yaya, ba lallai su shiga duka ba. In saka ta Mamana yanzu?"

Ya dubi iyayen da ke baranda. Sannan ya ce, "Laifina ne. Saka 'ya'yan mutane, tata ta zo ƙarshe."

Haka aka yi. Ɗan matar nan ya shiga, sauran ma suka shiga. Auta na cikin gyara hoton ƙarshe shafin hukumar ya rufe.

Yarinyar tana tsaye a bakin taga. Ta ce, "Goggo, tawa ta tafi?"

Uban ne ya ce, "Mamana, ki yi haƙuri. Sai baɗi."

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shigo ta ɗauki jakarta, ta tsaya gaban kwamfutar, ta ɓare takardar nan da ke manne. Ta ajiye masa a kan tebur ta fita.

Darasi: Don abu yana aiki yau, ba shi ne yake da mai gyara shi gobe ba. In waya ko kwamfuta ta ce muku lokacin manhaja ya kusa ƙarewa, kada ku danna "anjima" ku manta, kuma kada ku raina mai faɗa muku don kun girme shi. Ni tun da na ji wannan na kasa sukuni sai da na je makarantar yarana na tambaya. Don Allah iyaye, ku tura wa duk wanda ɗansa ke ajin ƙarshe.