Randar Zulaihatu

Kai Ɗanladi, wa ya aike ka tambayata labarin randar nan? Mutum ya wuni a tsaye, ya zauna kuma sai an tono masa zance. To ku matso, sau ɗaya zan faɗa.

Akwai wani Malam Yahuza a unguwar Takur, wai shi Farfesa. Ni dai abin da na san yana koyarwa a babbar makaranta shi ne cuɗa yumɓu, aikin da kakata ta yi ba ta taɓa riƙe biro ba. Amma hannunsa sai dai masha Allah. Tun ana sabon kafa jihar nan yake gina kawunan mutane, kamar su yi maka sallama.

Matarsa Zulaihatu ta rasu ba ta bar hoto ba. Sai ya gina fuskarta da ka, har tsagar kumatu. Bai gasa ba, wai kada wuta ta taɓa ta. In la'asar ta yi, rana ta gangaro bayan duwatsu ta leƙo taga, sai ya zauna yana kallo. Ya ga kamar leɓenta na motsi, za ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Shekarar da aka kawo shari'a, hukumar makaranta ta ce duk abin da aka gina mai siffar mutum a rabu da shi, ko a rufe sashensu, ɗalibai su koma gida. Wasu malamai suka yi zuciya suka bar aiki. Abokinsa Ashafa ya ce ya ɓoye fuskar Zulaihatu a gida mana, wa zai sani?

Yahuza ya ce, "In sa yara su rabu da nasu, ni in ɓoye tawa? Haba Malam."

Bai ɗauki guduma ba. Baho ya cika da ruwa, ya kwantar da ita ciki, yana kallo idanun suka narke, sai kumatu, sai baki. Ya cuɗa yumɓun, ya gina randa, ya gasa.

Sashen ya koma na tukwane, ɗalibai suka gama karatunsu. Randar tana ƙofar makaranta, gindin darbejiya, da moɗa a kai. Ɗan acaɓa ya sha, mai tallan dabino ya sha, kowa ya ce Allah ya jiƙan mai ita. Fuskar kam, shi da bakinsa ya ce ta soma ɓace masa.

Darasi: Abin da ka riƙe kai kaɗai yake yi wa amfani, wanda ka haƙura ka saki shi ke isa ga jama'a. Gobe ku faɗa wa abokanku.

Yanzu ku tashi, kowa ya kaɗe tabarmarsa ya kwanta. Kada in ji tari.