Cindo da Ɓawon Zaƙami

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, wani bawan Allah ana ce masa Cindo. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Idan kaka ta wuce, sanyi ya sauka, gari ya ɗauki bukukuwa, shi ake kira ya dafa wa baƙi shayin citta. Citta, kanumfari, masoro, ɗan kimba, sai zuma. In ya ɗora tukunya, ƙamshin kan riga maroƙi sanar da unguwa ana biki. Abin da ya samu a watannin sanyin nan, da shi iyalinsa ke kaiwa damina.

To, ku saurara. Wata shekara Mamuda, babban falken garin, ya tashi yi wa ɗansa aure. Cindo ya juye duk kayan ƙamshin da ya tanada a babbar tukunya tun da safe. Itace ya ƙare masa, ya zagaya ɗebowa. Da ya dawo, sai ga ɓawon zaƙami a gindin murhu, fasasshe, babu 'ya'yan a ciki.

Kun dai san zaƙami. Shaƙiyyan samarin biki kan jefa shi a abin sha don su ga dattijo yana tuɓe riga yana sambatu. Wani ya warware, wani kuwa hankalinsa ba ya dawowa daidai har abada.

Cindo ya koma kan tukunya. Ya sa ludayi ya juya, ya ɗebo, ya duba. Komai ya dahu ya yi baƙi, wa zai bambance? Ya shinshina, citta ta rufe komai. Ya tambayi mata masu daka, suka ce ba su ga kowa ba. Ya zauna, ya tashi. Ya zagaya murhu, ya sake zagayawa. Zuciya ta ce masa, “Yara ne suka yi wasa suka yar.” Ya ce to, ya ɗauki ƙoƙo zai zuba, hannu ya ƙi. Sanyi ake yi, jama'a, amma gumi yake sharcewa.

Sai ga Mamuda. “Cindo, baƙi na rawar ɗari a zaure, kai kana nan kana ɗawafi?”

Cindo ya nuna masa ɓawon. Mamuda ya duba hagu da dama, ya sa ƙafa ya tura shi cikin wuta.

“Ka ga wanda ya zuba?”

“Ban gani ba, maigida.”

“To me ya rage?”

“Ban kuma ga ba a zuba ba.”

Mamuda ya rage murya. “Ga dabara. Fara ba 'yan dakon da ke bakin ƙofa. In ba abin da ya same su, sai a kai wa manyan baƙi.”

Cindo ya ce, “Maigida, ai su ma da hankalinsu suka zo.”

“Ka ji ni da kyau. In ka kunyata ni yau, ba ka ƙara ɗora tukunya a garin nan.”

Ku saurara, nan ne wurin. Babu shaida, ɓawon ma ya ƙone. Abincin shekararsa na cikin tukunyar nan. Cindo ya ce bismillah, ya naɗe hannu da tsumma, ya kifar da ita. Ƙamshi ya cika unguwa, baƙi suka sha ruwan zafi zalla, aka yi ta yi wa Mamuda dariya.

Na ga kun miƙe wuya. Jira kuke in ce wata akuya ta lashi ƙasar wurin ta haukace, gari ya ba Cindo haƙuri, ko? Babu akuya. Ƙasa ta shanye, ba wanda ya taɓa sanin ko akwai zaƙami ko babu. Mamuda ya cika alkawarinsa, ba a sake kiran Cindo biki ba, da saran itace ya ciyar da iyalinsa. Ni wannan wurin yana ba ni tausayi. Amma an ce ranar, yana isa gida ya kwanta a rana ya yi barci, har matarsa Tabawa na mamakin mutumin da ya yi asara yake minshari.

Darasin a fili yake: abin da kake shakkar zai cuci ɗan'uwanka, bar shi, ko da cikinka ne zai biya. Kai mai nama da kake shinshina na jiya kana cewa wuta za ta gyara. Ke mai awara da man da ya soma canza launi. Kai mai kemis da ka ga kwanan magani ya wuce ka juya kwalbar. Kowannenku ya san wannan zagayen murhun, ya san wannan gumin. Ba sai an kama ka ba, ba sai ka tabbatar ba. In ƙirjinka ya ƙi zama, kifar da tukunyar.

Allah Ya ba mu ikon kifarwa.