Ranar da Ƙofar Banki Ta Kulle Manaja

Manaja Tukur ya kafa doka a banki: ko maɓalli kada a danna sai da sa hannunsa, izinin baki ba ya aiki.

Rannan ƙofar gilashi mai tantance masu shiga ta kulle da shi a ciki. Maɓallin buɗewa kuwa yana teburin Ladidi, mai karɓar baƙi.

"Ladidi, buɗe mini!"

"Ranka ya daɗe, sa hannu fa?"

"Ina kulle zan sa hannu? Na ba ki izini!"

"Da baki? Ai kai ka hana."

Gumi ya keto masa, kwastomomi na kallo.

"To, na soke dokar!"

"Sokewar ma da baki ce, Yallaɓai."

"Don Allah ki yi aiki da hankalinki!"

Ladidi ta juya ga abokan aiki. "Ku shaida, yau an dawo mana da hankalinmu."

Sannan ta danna.