Ƙafar da Umair Ya Zura a Ƙarƙashin Kwando

Umair Ɗahiru saurayi ne haifaffen unguwar Ƙuba a Madina, kuma duk mai bin ƙwallon kwando a kwalejinsu ya san da zamansa. Allah ya hore masa hannu. Idan ya tsaya daga nesa ya cilla ƙwallo, kafin ta faɗa raga ya riga ya juya baya, don ya san da wuya ta kuskure. Shi ne kyaftin, shi ne kuma wanda 'yan kallo ke kiran sunansa. Sai dai yana da aibi guda da ya ɓata masa wannan baiwa: ba ya iya jin an yabi wani a gabansa. Da an ce wane ya yi ƙoƙari, sai ya ji kamar a jikinsa aka yanko aka ba wancan.

Mahaifinsa, Malam Ɗahiru, yana da shagon tsire a bakin titin Ƙuba. Zuriyar Hausawa ne da suka daɗe da zama 'yan ƙasa. A gida iyayen suna yi wa Umair Hausa, shi kuma ya mayar musu da Larabci, sai fa in magana ta kai maƙura, sannan Hausar ke fitowa daga bakinsa.

A farkon wannan shekarar karatu wani ɗalibi ya zo daga Gusau, sunansa Balarabe. Dogo ne na ban mamaki, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji. Koci Bakri, mai horar da ƙungiyar, ya hango shi a ɗakin cin abinci, bai bar shi ya gama ci ba sai da ya ja shi fili. Ashe Balarabe ya taɓa bugawa a gida. Bai iya jifa daga nesa kamar Umair ba, amma a ƙarƙashin kwando ba a ja da shi. Duk ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo, a hannunsa take sauka. Duk wanda ya taso zai zura, sai ya doke ƙwallon kamar mai korar ƙuda. Ga shi kuma ba ya riƙe ta, da ya kama zai miƙa wa na kusa.

Lokacin ana wasannin share fage ne, kafin a shiga gasar kwalejoji ta yankin, inda kowane wasa ke shiga lissafi. Shekara da shekaru ƙungiyarsu ba ta taɓuka komai a gasar ba. Amma bana sai suka yi ta cin wasannin share fagen ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibai suka fara cika zauren wasa, kuma sunan da suke kira ya canza.

Wata rana bayan atisaye, koci ya tara su ya ce, "Daga yau wasanmu ta hannun Balarabe zai riƙa bi. Ku ba shi ƙwallo a ciki, za su taru a kansa, shi kuma ya fito muku da ita. Umair, kai ma za ka fi samun sarari."

Umair ya ce, "To, koci." Amma a ransa abu ɗaya ya ji: an sauke shi.

Abin ya ƙara tsananta ranar da Malam Ɗahiru ya zo kallo. Da aka tashi, tsohon bai nufi ɗansa ba, sai ya nufi Balarabe yana washe baki.

"Kai, yaro, ɗan ina ne kai?"

"Daga Gusau nake, Baba."

"Masha Allah! Yaushe rabonka da tuwo? Juma'a ka zo gida. Umair, ka taho mini da shi."

Ranar Juma'a Hajiya Raudatu, mahaifiyar Umair, ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Balarabe ya ci har da suɗe kwano, suka zauna da tsohon suna hirar gida suna dariya. Umair yana gefe yana danna waya. Ya ji yadda Hausa ke zuba a bakin baƙon ba gargada, ya ga yadda fuskar mahaifinsa ta yi haske. Ya ce a ransa, "Fili bai ishe shi ba, har gida ya biyo ni."

Ranar wani atisaye, saura 'yan kwanaki a fara gasar, bayan La'asar, koci ya raba su gida biyu. Umair da Balarabe suka faɗa ɓangare daban. Wani ya yi jifa, ƙwallo ta bugi ƙarfe ta yi sama. Balarabe ya daka tsalle. Umair yana tsaye a ƙarƙashinsa, ya ga daidai inda zai dira. Shaiɗan ya raɗa masa cewa targaɗe ne kawai zai yi, ya huta wasa ɗaya ko biyu, mutane su tuna waye Umair. Sai ya zura ƙafarsa.

Balarabe ya dira a kanta da dukan nauyinsa. Aka ji ƙas, kamar an karya busasshen reshe. Ya zube yana salati, hannuwansa biyu riƙe da idon sawunsa.

Umair ne ya fara durƙusawa a kansa, yana ihu a kawo ƙanƙara. Da ya ɗaga kai, sai suka haɗa ido da Saif, abokinsa tun suna firamare. Saif bai matso ba. Yana tsaye ne kawai yana kallonsa.

A asibiti likita ya ce ƙashi ya karye, jijiya kuma ta tsinke. Aka yi aiki, aka naɗe ƙafar. Maganar ƙwallo bana babu ita, baɗi ma sai abin da Allah ya yi.

Da Malam Ɗahiru ya ji cewa ɗakin Balarabe a saman bene yake a masaukin ɗalibai, sai ya ce sam.

"Ina raye a garin nan, ɗan mutane ya riƙa jan ciki a kan matakala? Gidana zai zauna. Umair, ka ba shi ɗakinka, kai ka koma falo."

Haka Umair ya wayi gari yana jinyar wanda ya karya. Shi ke tallafa masa zuwa banɗaki. Shi ke zuba masa ruwan alwala. Shi ke kawo masa farfesun da Hajiya Raudatu ke dafawa don ƙashi ya haɗe. Duk abin da ya yi masa, Balarabe sai ya ce, "Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa." Kowace addu'a sai ta sauka a ƙirjin Umair kamar garwashi. Ya daina iya cin abinci sosai. Mahaifiyarsa ta ɗauka tausayi ne, har tana faɗa wa maƙwabta irin kirkin ɗanta. Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya tuna gasar da ke tafe da sunansa da zai dawo bakin mutane, ya haɗiye.

Wasan farko na gasar a garin Yanbu aka yi. Tun daga farawa aka ga giɓin. 'Yan Yanbu suna da wani ƙato a ƙarƙashin kwando, ba mai tare shi. Duk ƙwallon da ta dawo shi ke ɗauka. Da yake babu wanda suke tsoro a ciki, sai suka sa mutum biyu a kan Umair. Ya yi ta jifa a ƙuntace, ƙwallo na bugun ƙarfe tana komawa hannun abokan gaba. Da ya ga haka sai ya ƙara riƙe ta, ya ƙi ba kowa. Aka yi musu cin kaca, har 'yan kallo suka fara ficewa tun ba a tashi ba.

A ɗakin canza kaya kowa ya yi jugum. Da Umair ya yi shiru, da wataƙila asirinsa ya ƙara kwana. Amma girman kai bai bar shi ba. Ya jefar da tawul ya ce, "Ni kaɗai nake wasa! Ba wanda zai iya kamo ƙwallo ɗaya a cikinku?"

Saif ya miƙe a hankali. "Muna da mai kamowa," in ji shi. "Yana kwance a gidanku."

"To, laifina ne ya karye?"

"Kai za ka faɗa. Ina bayanka a tsaye, ya Umair. Na ga ka duba sama, na ga ka duba ƙasa, na ga ka zura ƙafa. Na yi shiru ne ina jiran ka faɗa da bakinka. Amma ba za ka karya mana shi, sannan ka zo ka zage mu ba."

Koci Bakri ya tako har gaban Umair. Bai ɗaga murya ba.

"Dube ni. Ka ce wallahi ba da gangan ka yi ba, ni kuma in rufe maganar a nan."

Umair ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, amma ta ƙi fita. Duk lalacewarsa bai kai ya rantse da Allah a kan ƙarya ba. Ya sunkuyar da kai.

Koci ya ce, "Khalas, shi ke nan. Cire rigar ka ajiye."

A motar komawa Madina ba wanda ya zauna kusa da shi. Labari kuwa ya riga shi isa ta waya. Da ya shiga gida bayan Magariba, ya tarar mahaifinsa bai buɗe shago ba. Yana zaune a falo, Balarabe na gefe da ƙafarsa a miƙe bisa matashi. Hajiya Raudatu tana tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja.

Malam Ɗahiru ya ce, "Abin da na ji gaskiya ne?"

Umair ya amsa da Hausa. "Gaskiya ne, Abuya."

Tsohon ya juya ga baƙonsa. "Kai kuma, ɗana, ka ji abin da aka yi maka."

Balarabe ya ce, "Na sani, Baba. Tun ina sama na ga ƙafar."

Umair ya ɗago a firgice. Ashe duk ruwan alwalar da ya zuba, duk addu'ar da aka yi masa, mutumin nan ya sani.

"Ka sani, ka yi shiru?" in ji Malam Ɗahiru.

"Ranar farko na so in faɗa. Sai kuka ɗauko ni kuka kawo ni nan. Yaya zan ci abincin Umma, in kuma saka mata da baƙin ciki?"

Hajiya Raudatu ta rufe fuska da mayafi ta koma ciki. Malam Ɗahiru ya juya ga ɗansa. Ya ce, "Kakana ya iso garin nan ƙafafunsa duk sun fashe da tafiya. Bai san kowa ba. Wani bawan Allah ya ɗauke shi ya kai gidansa, ya yi jinyarsa. Ba don wannan mutumin ba, da babu ni, da babu kai. Garin nan da karɓar baƙo aka san shi tun zamanin Manzon Allah. Yau kuma a gidana aka samu wanda baƙo ya zo da ƙafarsa lafiya, ya karya masa."

Sai ya zame daga kujera. Dattijo mai furfura ya durƙusa a gaban yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba, ya kama hannunsa yana cewa, "Don Allah ka yafe mana. Ni na haife shi, ni na kasa."

Balarabe ya rikice yana ƙoƙarin tashi. "Baba, don Allah ka tashi! Wallahi ba laifinka!"

Umair ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Cin kacar Yanbu da cire rigar duk ba su kai wannan ciwo ba. Bai taɓa ganin mahaifinsa ya durƙusa wa kowa ba sai Allah. Ya faɗi a gefensa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana neman gafara da Hausa da Larabci a gauraye.

Balarabe ya ce, "Na yafe maka, Umair. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ban ji ciwo ba. Kai ne mutumin da na fi sha'awar wasansa a filin nan. Duk ƙwallon da na kamo, kai nake fara nema."

Kwalejin ta dakatar da Umair daga wasanni. Ƙungiyar ta rasa dogonta, ta rasa mai jifanta, ta ƙare gasar a can ƙasa. Idan ya bi ta harabar makaranta, sai ya ji hira ta tsaya har ya wuce. Balarabe ya warke, amma da ɗan ɗingishi, likita kuma bai yi alkawarin komai ba.

Umair ne ke kai shi gashin ƙafa a motar mahaifinsa. Wata rana suna dawowa da yamma suka bi ta gaban zauren wasa, Balarabe ya ce ya tsaya ya gaisa da yara. Ya sauka da sandarsa, ya juyo.

"Ba za ka shigo ba?"

Umair ya girgiza kai.

Balarabe ya shiga. Nan take zauren ya kaure da tafi da sowa, ana kiran sunansa. Umair yana zaune riƙe da sitiyari yana ji. Daga baya sowar ta lafa, aka koma atisaye, ƙarar ƙwallo a kan katako tana fitowa ta ƙofar da aka bari a buɗe. Ƙofar ba ta da nisa, ba kuma wanda ya hana shi shiga. Amma ya kasa sauka daga motar.

Mai karatu, darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hassada ba ta ƙara wa mai ita komai, sai ma ta cinye abin da yake da shi. Baiwar ɗan'uwanka ba ta rage taka. Da Umair ya yi haƙuri, da tsawon Balarabe ne zai buɗe masa hanya, su ɗaukaka tare. Amma ya zaɓi ya rage wani don a gan shi, sai ya rasa wasan, ya rasa abokai, ya kuma sa mahaifinsa durƙuso. Mugunta ta ƙiftawar ido ce, kunyarta kuwa tana daɗewa, kuma ko an yafe maka, yafiya ba ta mayar da ƙashi yadda yake. Idan ka ji zuciyarka na ƙuna don an yabi wani, ka yi maza ka nemi tsarin Allah, ka yi wa mutumin addu'ar alheri, tun kafin ƙunar ta sauko hannunka ko ƙafarka.