Ƙwan Tunau a Dutsen Huci

Tun kafin fatake su san hanyar kudu aka yi wani maharbi, Tunau, wanda yawon farauta ya kai shi gindin wani dutse mai fitar da hayaƙi ta ka. Ƙasar wurin baƙa wuluk, ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. A shekarar da fari ya cinye garinsu, sai ya koma ya kwaso gida arba'in. Da suka hango hayaƙin suka ja tunga, ya ce kada su damu, shi da dutsen sun ƙulla amana. Masu ba da labari sun ce ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

Dawa ta yi kai, saura kwana goma a yanka, sai dutsen ya soma gurnani. Randuna na rawa, toka na sauka kan shanya. A gudu a bar gona, yunwa. A tsaya, wuta.

Inna Tabawa, tsohuwar da ta yanke masa cibi, ta tare shi.

"Gagara-daji, je ka tambayo mana aminin naka."

"Inna, ba ya son a dame shi."

"Mu ma ba ma so."

Ya hau. A kafaɗar dutsen akwai idon ruwan zafi inda ya saba dafa ƙwan zabi, kuma ya san sai ya yi kirarinsa sau uku ƙwai ke dahuwa. Ya jefa ƙwai, ya yi kirarin sau ɗaya, baiti arba'in cur, tun daga "Tunau mai sa zaki kwana da yunwa" har ƙarshe. Ya fasa, ɗanye. Ya sauko ya ce amininsa ya ba da kwana ɗaya.

Haka ya riƙa yi kullum da hantsi. Rana ta huɗu farin ƙwan ya kama. Rana ta bakwai ƙwai ya dahu har gwaiduwa, yatsunsa suka sale.

Ya sauko a guje ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, babu wata amana. Ƙwai kawai nake dafawa."

"Ɗan nan, mun sani tun ranar da muka sauke kaya. Me ƙwan ya ce?"

"Ya ce yau."

Suka yanke dawar yadda take, suka haye kogi. Kwana biyu bayan haka wuta ta gangaro kamar kunu ta shafe bukkokin. Ko akuya ba a rasa ba. Da ƙasa ta huce suka dawo, don noman wurin ba a barinsa.

Har yau, kafin girbi, mutanen Gindin Huci na hawa dutsen da kiɗa. Jikan Tunau ya jefa ƙwai ya yi kirari, kowa ya yi tsit, sai an fasa an ga ɗanye a yi guɗa. Shekara ɗari ke nan ƙwai bai dahu ba. Sai dai kirarin, da wannan ya rage wancan ya rage, yanzu saura baiti shida, kuma da sauri ake yin sa.