Fayil Ɗin Inna Ya Hau Sama

Akwai wani kafinta da 'yan unguwa ke kira Dogo, irin mutanen nan da in ka taka su, su ne za su ba ka haƙuri. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka: a taɓa masa uwa.

Mahaifiyarsa, Inna, tana fama da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ya rage, shi ma kullum ganinsa raguwa yake. Likitan ido na babban asibitin gwamnati ya ce sai an yi mata aiki cikin wata guda, in ba haka ba shi ma za a rasa shi. Duk Alhamis yake fitar da sunayen masu aiki, kuma wanda fayil ɗinsa bai zo teburinsa ba, ba ya shiga.

Ranar da suka je ɗakin kati, Dogo ya tafi nemo mata kujera. Inna ta lalubo ta tsaya a taga ta uku, ba ta san ta tsallake layi ba. Ma'aikaciyar da ke tagar ta daka mata tsawa:

"Ke tsohuwa, makauniya ce ke? Ba ki ga mutane a layi ba?"

Ta turo katin ya faɗi ƙasa. Dogo ya dawo ya tarar da uwarsa durƙushe tana lalube tsakanin ƙafafun mutane.

Zuciya ta ɗebe shi, kuma wa zai ga laifinsa? Inna ta riƙe masa riga ta ce, "Ɗan nan, bar ta. Mu da muka zo neman lafiya."

"Inna, ba faɗa zan yi ba. Hukuma zan kai wa."

Ya hau bene zuwa ofishin karɓar ƙorafi. Jami'in wurin ya tarbe shi da fara'a, har da tura masa kujera. Ya ba shi fom. Dogo ya cike tsaf, har gurbin da aka ce a sa lambar fayil ɗin marar lafiya. Ya sauko yana jin yau ya ƙwato wa uwarsa haƙƙinta.

Alhamis ta zo, babu sunan Inna. Wata Alhamis ɗin ma haka. Dogo ya tambayi nas ɗin likita, ta duba ta ce, "Fayil ɗinku ba ya nan, ya hau sama."

Ashe ƙa'idar gidan ke nan: da zarar an sa lambar fayil a takardar ƙorafi, sai a zare fayil ɗin a haɗa da takardar a kai wa kwamiti. Ba ya saukowa sai kwamiti ya zauna. Kwamitin kuwa sau ɗaya yake zama a wata, shi ma in shugabansa yana gari.

Dogo ya koma wurin jami'in. "Ranka ya daɗe, ku riƙe takardar, ku ba ni fayil ɗin. Idon tsohuwa ne."

"Ayya, Malam, ba a raba su. Abin da ya shiga hannun kwamiti ya fi ƙarfina."

"To a buɗe mata sabo."

"Mutum ɗaya ba ya da fayil biyu."

"To na janye ƙorafin."

"Madalla. Sai ka rubuto. Amma ita ma janyewar sai kwamiti ya amince da ita."

Babu wanda ya zage shi a saman nan. Kowa sannu yake masa, kowa ayya yake ce masa, kuma babu wanda ya motsa daga kujerarsa. Dogo ya rufe shago yana sintiri. Sakatare ya ce shugaba na taro. Mataimaki ya ce bai da hurumi. Dawo gobe, dawo jibi, har masu gadi suka san shi suna tambayarsa ya mai jiki.

A gida kuwa Inna ta daina gane fuskokin jikokinta sai sun yi magana. Ba ta taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba, kuma wannan shirun ya fi komai ci masa rai.

A mako na bakwai ya rasa ƙofar da zai buga. Ya haɗiye zuciyarsa ya bi layin taga ta uku. Da ya iso gaban matar, ya ce, "Baiwar Allah, ni ne na kai ƙararki. Na tuba. Ki yi wa Allah ki sa baki su sako fayil ɗin uwata."

Ta dube shi a ruɗe. "Wace ƙara?"

Babu wanda ya taɓa kiranta. Babu wanda ya nuna mata takarda. Ko ranar ma ba ta tuna ba, sai da ya maimaita mata kalmomin da ta faɗa. Ta dafe baki ta ce, "Innalillahi. Da gaske ba ta gani?"

Ta rufe tagar, mutane na gunaguni, ta hau benen da kanta. Minti goma ta sauko da fayil ɗin. A kan wata kabad ta same shi, ƙarƙashin tarin tsofaffin jaridu, igiyar da aka ɗaure shi da takardar Dogo ko kwance ta ba a yi ba. Ta sa hannu a littafi cewa ita ta ɗauka, ta ce in laifi ne ya hau kanta.

Washegari likita ya haska idon Inna ya daɗe yana dubawa. Ya ajiye fitilar ya ce, "Ina kuka shiga? Jijiyar ta riga ta mutu. Aiki ba zai dawo da idon ba."

Dogo ya riƙo hannun Inna suka fito. Wa zai kama? Matar da ta yi zagin ita ce ta taimaka. Waɗanda suka riƙe fayil ɗin ba su taɓa ɗaga masa murya ba. Lambar kuwa da hannunsa ya rubuta.

Da suka dawo gida ya ɗauko katako da guduma, ya fara buga wa Inna abin dafawa a jikin bango, daga bakin gadonta har banɗaki. Yana bugawa hawaye na zuba, ƙusa na kauce masa.

Inna na zaune tana sauraron ƙarar. Can ta ce, "Ɗan nan, ka goge shi sosai, kada sartse ya shige ni. Zan daɗe ina bin sa."

Darasi: Ku da aka ɗora a kan ƙorafin jama'a, ku sani bayan kowace takarda akwai mutum da lokaci ke ƙure wa. Fara'a ba ta wanke wanda ya zauna a kan haƙƙin wani, kuma ƙa'idar da ke hukunta mai kuka maimakon ta saurare shi zalunci ce. Ku masu taga, ku tauna magana kafin ta fito. Mu kuma kada mu fasa neman haƙƙi, amma mu tambayi inda takarda za ta bi kafin mu sa hannu. Ku tura wannan labarin ga duk wanda kuka sani yana aikin ofis, wataƙila yau ya buɗe wani fayil.